Hatiminku Bai Tsare Wa Inna Dije Ɗakinta Ba

Zuwa ga Alhaji Shugaba, shugaban ƙungiyarmu ta dillalan albasa da hatsi a kasuwar Malanville, da sakatarensa, da dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta sami Alhaji cikin ƙoshin lafiya, shi da iyalinsa da duk wanda ke ci a ƙarƙashinsa. Ina gaida dattawan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ina kuma neman afuwarsu tun kafin in fara, domin abin da zan faɗa ba mai daɗin ji ba ne, kuma ni ban iya kwana-kwana ba.

Ni ne Sa'idu, dillalin albasa, wanda ya tashi a hannun marigayi Alhaji Ummaru mai masara, tun ina ɗaukar masa buhu har na kafa rumfar kaina. Shekara ashirin da 'yan kai ina cikin wannan ƙungiya, ban taɓa ɗaga murya a taro ba, Alhaji shaida ne. Sau huɗu na zo ofis cikin wata biyun nan ina neman ganinka. Na farko aka ce ka tafi Guéné gaisuwar mutuwa. Na biyu aka ce kana gona a Madécali. Na uku aka ce in dawo bayan azahar, na dawo na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na huɗu ina tsaye ina kallon takalminka a bakin ɗaki, sakatare ya dubi tsabar idona ya ce ba ka nan. Tun da ƙofa ta gagara, shi ya sa na rubuto a fili, yadda duk ɗan kasuwa zai karanta ko a karanta masa.

Maganar ɗaya ce. Ranar Juma'a mai zuwa, bayan la'asar, za a zauna a zauren liman kan gidan marigayi. Idan ka zo ka faɗi abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji, wata tsohuwa mai suna Inna Dije za ta ƙarasa kwananta a ɗakinta. Idan ba ka zo ba, ranar Asabar za a sa hannu a sayar da gidan gaba ɗaya, ita kuma ta fita. Ga yadda aka yi aka zo nan.

Na ɗaya: wace ce Inna Dije.

Ga wanda bai sani ba, ƙanwar matar Alhaji Ummaru ce. Matar ta rasu wurin haihuwa, ta bar 'ya'ya huɗu, ƙaramin ko cibiyarsa ba ta faɗi ba. A lokacin Dije tana Gaya, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa mai rai. Ta ƙetaro kogi don zaman makokin kwana bakwai, yau sama da shekara talatin ke nan ba ta koma ba. An yi mata tayin auren Alhaji, ta ce ba ta iya shiga ɗakin yayarta, ita reno ya kawo ta. Ita ta goya su, ita ta yi jinyar ƙyandarsu, ita ta riƙa turara shinkafa tana sayarwa har ta haɗa wa Hadiza, 'yar marigayi, kayan ɗaki. Ni ma da ba ɗan gida ba, tuwonta na ci na girma.

Alhaji Ummaru ya yanka mata ɗaki biyu a kusurwar gabas ta gidan, da ɗan fili inda take girki, da ƙofarta ta kanta mai fita lungu. Yanzu ta tsufa. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma inuwa kawai take gani da shi. Da ƙafa ta san wurin nan: ta san taku nawa ne daga gado zuwa randa, daga randa zuwa inda take alwala. A addini ba ta da gado cikin dukiyar Alhaji, a dokar ƙasa ma ba ta da shi. Marigayi ya san haka sarai, shi ya sa ya yi wasiyya.

Na biyu: takardar da ya rubuta da hannunsa.

Alhaji Ummaru bai shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, amma ba jahili ba ne. Ya yi karatun allo har ya sauke, kuma rubutunsa na ajami sai ka tsaya kallo. Duk wata harka tasa da shi yake rubuta ta. Wata safiya, bayan ya tashi daga ciwon da ya fara kayar da shi, ya kira ni, ya kira Malam Haruna ladan, Allah ya jiƙansa shi ma. Ya sa aka dama tawada, ya fere alƙalami da kansa, ya zauna a kan buzu ya cika shafi ɗaya da rabi. Hannunsa yana rawa, amma bai yarda kowa ya kama masa ba. Ya buɗe da sunan Allah, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce yana cikin hankalinsa. Ya ce ɗaki biyun gabas da filinsu da ƙofarsu ya ba Dije, kuma ba su kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ya mallaka ba. Ya sa rana da wata da shekara, ya rubuta sunansa a ƙasa. Ya karanta mana, muka ce mun ji mun shaida.

Ya hana a gaya wa Dije, don akwai kunya tsakaninsu, kuma ita ba ta son a yi mata zancen mutuwarsa. 'Ya'yansa ma bai gaya musu ba, ya ce takarda ta ishe su idan lokaci ya yi. Ya naɗe ta ya sa a gafakarsa, ta zauna a nan wata da watanni lafiya lau.

Na uku: abin da ya faru a ofishinku.

Alhaji Shugaba zai tuna rigimar da aka yi kan rumfar wani ɗan ƙungiya da ya rasu, har 'ya'yansa suka kai juna gaban jandarma. Bayan wannan ne ka miƙe a taro ka ce daga yau duk mai wasiyya ya kawo ta ofis, sakatare ya buga ta da inji da Faransanci, a sa mata hatimin ƙungiya. Ka ce hukuma ba ta san tawadar zaure ba, takarda mai hatimi kawai take ganin girmanta. Muka yi ta kabbara muna sa maka albarka. Babu wanda ya tambaye ka wa ya gaya maka haka, ni ma ban tambaya ba.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Na yi aji huɗu a lakkwal, wannan aji huɗun kuwa ya cika mini kai da iska. Ni na koma gida na zuga marigayi. Sai ya ce mini: “Sa'idu, kai ka yi lakkwal. In takardata ba ta da ƙarhi wurin hukuma, mu kai ta inda za a sa mata ƙarhi.”

Ranar Laraba ce, saura sati biyu a kama azumin da ya zama na ƙarshe gare shi. Na goya shi a babur muka zo. Kana zaune a kujerarka, ka tashi ka ba shi hannu, ka sa aka kawo masa ruwa. Sakatarenka bai iya karanta ajami ba, don haka ni na riƙe takardar ina karantawa da Hausa, shi yana juyawa yana bugawa. Ka karɓi takardar hannun ka duba, har ka yabi kyan rubutun. Da aka gama, ka tambayi marigayi da bakinka ko abin da aka karanta shi ne nufinsa, ya ce shi ne. Ya nemi alƙalami zai rubuta sunansa, sakatare ya ce ba a karɓar sa hannun ajami, ya kama masa babban yatsa ya dangwala. Mutumin da ya shekara sittin yana rubutu aka sa shi dangwale kamar wanda bai san alif ba. Na ga fuskarsa ta canja, na kau da kai. Ka sa hannu, aka buga hatimi, muka biya dala ɗari huɗu.

Muna shirin fita sakatare ya nuna takardar hannun ya ce: “Wagga tsohuwar takarda ba ta da sauran aiki. Takarda biyu rigima ce, ku ɓad da ita kar magada su samu abin riƙewa.” Kana wurin, Alhaji. Ka gyaɗa kai.

Na huɗu: inda takardar ta tafi.

Kowa ya san yadda muka tashi. Takarda mai sunan Allah ba a yayyaga ta a zuba a bola, ba a barinta inda ƙafa ko akuya za ta taka. Ko dai a ƙona ta, ko a ba ruwa mai gudu. Marigayi ba ya son ƙona rubutu, don haka washegari da hantsi ya miƙo mini ita ya ce in kai kogi. Na gangara bakin ruwa, ƙasa da inda masu jirgi suke ɗaukar fasinja. Na sami ɗan dutse na naɗe ta da shi, na ɗaure da zare, na shiga ruwa har gwiwa, na yi bisimilla na sake ta. Na tsaya na tabbatar ta nitse. Na hau tudu ina jin daɗi a raina, wai na girmama sunan Allah, na kuma gama wa maigidana aiki. Har ƙosai na saya a hanya na ci.

Na biyar: abin da muka tarar a kotu.

Alhaji Ummaru ya rasu bayan babbar sallah. Ka zo jana'iza, kana sahun gaba. Bayan sadakar arba'in, babban ɗansa Bashiru, wanda ke aiki a Cotonou, ya bi duk hanyar da ake bi. Ya karɓo takardar shaidar mutuwa, ya tara dangi aka yi taro, aka rubuta sunayen magada, aka zaɓe shi ya kula da dukiyar, aka kai takardar taron kotu don ta tabbatar. Ni kuma na sa babbar rigata na bi su, takardarku tana aljihuna cikin leda, ina taƙama. Na miƙa ta da hannu biyu.

Ba ta yi minti biyar a hannunsu ba aka ajiye ta gefe. Aka ce wannan ba wasiyya ba ce a idon doka. Na nuna hatimi, aka ce hatimin ƙungiyar 'yan kasuwa ne, ya yi daidai a katin ɗan ƙungiya ko takardar rumfa, amma nan ba wurinsa ba ne. Ban zargi kotu da komai ba, abin da ke rubuce suka bi.

Da muka fito, wani dattijon ma'aikaci ya ga yadda na jingina da bango, ya ja ni inuwa ya yi mini bayani a tsanake. Zan faɗa yadda na fahimta, wanda ya fi ni sani ya gyara mini. Ya ce hanyoyin da doka ta yarda da su ƙididdigaggu ne. Ko dai mutum ya rubuta wasiyyarsa gaba ɗaya da hannunsa, daga farko har ƙarshe, ya sa kwanan wata da hannunsa, ya sa hannu da kansa. Ko ya je gaban notar, wato jami'in da hukuma ta ɗora wa irin wannan aiki, ya faɗa da bakinsa a rubuta a karanta masa. Ko ya rufe takardarsa ya miƙa wa notar ɗin a gaban shaidu. Ya ce takardar da wani ya buga da inji ba rubutun hannun mamaci ba ce, sakataren ƙungiya kuma ba notar ba ne, saboda haka tamu ba ta shiga ko ɗaya ba. Ko hatimi goma aka jera mata, haka take.

Sai na tambaye shi: to da a ce mutum ya rubuta da hannunsa, amma da ajami, da Hausa? Ya ce doka hannun mai ita take nema, ba ta ce sai da Faransanci ba. Idan an kawo, kotu tana da hanyar sa a fassara. Sai ya dube ni da sauri ya ce: “Akwai ta hannun nashi? Maza tahi ka kawo ta.”

Alhaji, na rufe uwata, na rufe ɗana na fari, na rufe maigidana. Ban taɓa jin abin da na ji a wannan wuri ba. Takardar da doka take nema ita ce marigayi ya rubuta a kan buzunsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Tana da rubutun hannunsa, tana da kwanan wata, tana da sunansa, babu abin da ta rasa. Mu masu wayo muka karɓe ta muka ba shi wadda ba ta da amfani, muka kuma karɓi kuɗinsa a kai. Ni da hannuna na ɗaura mata dutse.

Na shida: abin da ya rage, da shirun da ka yi.

Kada wani ya karanta wannan ya zagi Bashiru. Na fi kowa jin haushinsa a farko, amma da na zauna na auna maganarsa sai na ga tana da kai. Ya ce ya san ubansa: ko aron tabarma ya ba maƙwabci sai ya rubuta da hannunsa, to ta yaya zai ba da ɗaki biyu da takardar inji da dangwale? Ya ce ko makaho aka kama wa yatsa zai dangwala. A ganinsa ni na shirya takardar saboda tausayin Inna. Na kira shi gaban liman na gaya musu zancen kogi, su biyu kaɗai. Bashiru ya yi wata dariya mai ciwo, ya ce duk takardar da babu ita a kogi take. Ban ga laifinsa ba, ni ma da wani ne ya kawo mini wannan labari da ban yarda ba.

Magadan suna son sayar da gidan a raba, kowa da buƙatarsa. Mai saye kuma ya ce ko duka ko ya fasa, don rushewa zai yi ya gina ma'ajiyar kaya, kusurwar gabas ɗin ce ma ta fi kusa da hanyar mota. Hadiza ta yi kuka ta gaji, muryarta ɗaya ce cikin huɗu. Ta ce za ta ɗauki Inna, amma ita kanta ɗaki ɗaya take da shi a gidan surukai. Ni na ce ta dawo wurina, ta ce ba ta zama a gidan haya tana lalube bango a gaban 'ya'yan mutane.

Liman ya yi abin da zai iya. Ya ce a addini wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, ga wanda ba magaji ba, tana tabbata da shaidar mutum biyu adilai, ko babu takarda. Shaidun farko mu biyu ne, Malam Haruna ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma ana tuhumata. Sai Bashiru ya yi magana ta ɗan halak. Ya ce idan Shugaban ƙungiya ya zo da ƙafarsa ya ce ya ga takardar hannun ubansa, ya kuma ji uban ya amsa da bakinsa, to shi ba zai ci haƙƙin wasiyya ba ko da doka ta ba shi. Zai cire ɗaki biyun daga ciniki, su je gaban notar shi da 'yan'uwansa su mallaka wa Inna a rubuce. Ya faɗi haka a gaban liman, kuma na san zai cika.

Liman ya aiko maka sau biyu. Ka ce a ba ka lokaci ka tuna. Sakatarenka kuma ya ce shi takardu da yawa yake bugawa, bai riƙe fuskar kowa ba. Alhaji, kai da kake tuna wanda ya yi maka ƙwange a mudu shekara goma da suka wuce, ban yarda ka manta ranar da ka yabi rubutun Alhaji Ummaru ba. Abu biyu mutane suke faɗa a kasuwa, gara ka ji su daga bakina. Wasu sun ce kana tsoron idan ka yi shaida, ka amsa ke nan cewa hatimin ƙungiya bai tsare komai ba, sauran waɗanda suka biya za su taso. Wasu kuma sun ce ai mai sayen gidan yana zaune tare da kai a kwamiti. Ban ce an haɗa baki ba, ban gani ba, ba zan ɗauki zunubin zato ba. Na dai san kujerarsa ce ta biyu daga taka.

Na bakwai: waɗanda ke da sauran numfashi.

Ba mu kaɗai muka amsa kiranka ba. Ni kaɗai na san mutum shida da suka kawo wasiyyarsu aka buga, kuma kwafinsu suna nan a kabad ɗin ofis. Na bi su na tambaya a asirce. Huɗu daga ciki da hannunsu suka fara rubutawa, kuma duka huɗun an gaya musu abin da aka gaya mana. Biyu sun ƙona tasu, ɗaya ya ba kogi, ɗaya ne kawai matarsa ta ɓoye a ƙasan adaka don ba ta yarda da inji ba. Dukansu suna kwana suna tashi da zaton sun gama shiri.

Akwai wani dattijo cikinsu, mai kawo mana dawa daga wajen Toumboutou, wanda ya yi wasiyya saboda marayan da ya rena. Watan jiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya iya rubutu, amma yanzu ko cokali ba ya riƙewa. Hanyar rubutun hannu ta rufe masa ke nan, sai dai notar, kuma a iya sanina sai an yi tafiya kudu kafin a sami notar. Bakinsa yana fita tukuna, ban san har yaushe ba. Na je gaishe shi, ya nuna mini takardarku a rataye cikin leda a saman gadonsa, yana murmushi. Na kasa gaya masa, don ni ba kowa ba ne, maganata ba za ta rushe ta Shugaba ba. Kai ka ɗaura, kai ne za ka kwance.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Na farko, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: ka zo zauren liman ranar Juma'a bayan la'asar. Ban ce ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Ka ce ka ga takardar hannu, ka ji an karanta ta, ka tambayi mai ita ya amsa, ka kuma ji an ce a ɓatar da ita. Idan tafiya ce ta yi maka nisa, ni zan zo da babur in ɗauke ka, kamar yadda na ɗauko marigayi zuwa wurinka.

Na biyu, ka miƙe a taro, a wurin da ka miƙe a wancan karo, ka ce an yi kuskure. Duk wanda ya iya rubutu, da ajami ko da boko, ya koma ya rubuta wasiyyarsa da hannunsa tun daga farko har ƙarshe, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya ajiye inda za a same ta. Wanda bai iya ba, ko hannu ya gaza masa, ƙungiya ta haɗa su ta nemo musu notar. A fara da dattijon Toumboutou, cikin satin nan.

Na uku, sakatare ya daina taɓa wasiyyar kowa daga yau. Ya buga mana katin ƙungiya da takardar gayyata, wannan ya iya. A kuma nemo wanda ya san doka da gaske ya zo ya zauna da mu rana ɗaya, tare da liman, ya gaya mana abin da ake yi idan mutum ya rasu, daga takardar mutuwa har rabon gado, don kada mu sake jin labari sai a bakin ƙofar kotu.

Ban nemi a mayar mini da ko dala ba, ban kuma nemi a tuɓe kowa ba.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka sani. Labarin da ya isa kunnen Inna Dije shi ne kotu ta ce takardar ba hannun marigayi ba ce. Daga nan ta yanke wa kanta cewa ni na ƙirƙira ta don in taimake ta. Ta kira ni ɗakinta, ta lalubo hannuna ta riƙe, ta yi mini godiya, sannan ta yi mini faɗa kada in sake sa kaina a wuta saboda ɗakin ƙasa. Can ta ce: “Ba komi, ɗana. Alhaji abubuwa sun yi mishi yawa, shi ya sa bai tuna da ni ba.”

Na bar ta a kan haka. Wata biyu ke nan ina barinta a kan haka, domin in na ce mata ya tuna, sai ta tambaye ni ina takardar. Ta fara rabar da tukwanenta. Ta aika an tambayo mata mai jirgin da zai ƙetara da ita Gaya, inda ba ta da kowa yanzu sai kaburbura. Abin da ya fi cin raina ba ɗakin ba ne kaɗai. Matar da ta ba gidan nan shekara talatin tana shirin fita da zaton mutumin da ta rena wa 'ya'ya ya mutu bai ko ambace ta ba, alhali ina wurin ya zauna hannu na rawa ya cika shafi ɗaya da rabi saboda ita.

Ba ta iya karatu ba, kuma ba na so ta ji a bakin 'yan kasuwa. Kafin in manna wannan wasiƙa a ƙofar ofis, zan je in durƙusa a gabanta in karanta mata tun daga farko, har wurin da na shiga ruwa. Ban san ko za ta sake kirana ɗanta ba. Ni dai zan faɗi nawa yau, naka yana jiran Juma'a.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya kare masa mutuncinsa, ya shirya masa zuri'a. Allah ya jiƙan Alhaji Ummaru da Malam Haruna, ya yafe mini abin da na yi da jahilci ina ganin ilimi ne. Allah ya ba Shugaba ƙarfin zuciyar taka ƙafarsa zuwa zauren liman. Idan kuma taka ranar ta zo, wadda babu mai tsallake ta, Allah ya sa a sami wanda zai miƙe ya faɗi abin da ya ji daga bakinka.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Sa'idu, dillalin albasa,
Kasuwar Malanville.